Abin da Taɓarya Ta Rufe

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana. "Ke" nake a wurinta, ko "waccan", in kuwa magana ta zama dole a gaban baƙi sai ta ce "yayarsu". Ƙannena su ne masu suna, har da na wasa da na lallashi. Autanmu ya kai shekarun shiga makaranta yana hawa cinyarta. Ni kuwa ko tuntuɓe na yi a gabanta, sai ta ɗauke kai ta ce wa wani, "Ku duba waccan."

Mu Kirista ne tun daga kan kakana, a wani ƙauye da ke gefen Malumfashi. Baftisma ta kori abubuwa da yawa daga gidanmu, ta kori tulun giya, ta kori layu da yankan jan zakara, amma kunyar ɗan fari ko gezau ba ta yi ba. Inna tana cikin zumuntar mata tun kafin in yi wayo, ba ta fashin sujada, ba ta iya karatu ba amma ta haddace waƙoƙin da masu riƙe da littafi ke tuntuɓe a kansu. Duk da haka in aka zo kaina, Bakatsiniya ce ta asali. Ni kuma Allah bai yi ni cikin 'ya'yan da ke haɗiye abu su yi shiru ba. Ina da baki, kowa ya shaida, kuma abin yana ci mini rai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dakanta. Duk ranar da wani babban abu ya same ni, ranar Inna ke tuna turmi. Ranar da zan tafi rubuta jarrabawar fita sakandare, ina ɗaura ɗankwali tana zuba gero. Da sakamako ya fito na zo da gudu na faɗa mata na ci, ta ce "To," ta ci gaba da tankaɗe. Ranar bikina mata sun cika gida ana guɗa, uwar amarya tana bayan ɗaki tana surfe, sai ka ce babu 'yan matan da za su yi. Ranar da naƙudar fari ta kama ni a nan birni, ƙanena ya zo asibiti, na tambaye shi ina Inna. Ya ce tun da aka aika mata take daka. Na ce, "Madalla. Sai ku kawo mini furar in goya." Ungozoma ta yi dariya, ni kuwa har cikin raina na ji zafin abin.

Aure ne ya kawo ni Katsina. Muka kama haya a Ƙofar Kaura, ɗaki biyu a gidan wata Hajiya, dattijuwa mai sayar da man gyaɗa, wadda ta ɗauke mu kamar 'ya'yanta. Da Kirsimeti mu kai mata shinkafa, da layya ta aiko mana da cinya guda. Ina koyarwa a firamare, mijina kuma yana da shagon gyaran fanka da firji a bakin titi. Mutum ne mai sanyi, mai tsokana a hankali, irin wanda zai faɗi magana sai ka yi nisa ka gane da kai yake.

Tsokanarsa ɗaya ce wadda ba ta tsufa. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Maigida" nake cewa, ko "Babansu" bayan mun samu yara. In muna zaune da yamma sai ya ce, "Ke da kike ƙorafin Inna ba ta kiran sunanki, ni wa ke kiran nawa? Gwada mana sau ɗaya. Ba wuta ba ne, ba zai ƙona miki baki ba." Har atamfa ya yi mini alkawari. Nakan buɗe baki da niyya, sai harshe ya ƙi, in kama dariya in ce ya tashi ya ba ni wuri. Shi kuma ya girgiza kai ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ina ganin muna da sauran lokaci, sai na bar abin a matsayin wasa.

Da bazara ciwo ya kama shi, lokacin da zafin Katsina ke sa kowa ya tuna da matacciyar fankarsa, shago cike da aiki. Muka ɗauka zazzaɓi ne. Da ƙafafu suka fara kumbura aka ce ƙoda ce. Ban taɓa yin addu'a a rayuwata irin ta wannan lokaci ba. Na yi azumi har jiri na ɗibata a aji. Matan zumunta suka riƙa zuwa asibiti suna kewaye gadon, fasto ya zo ya ɗora masa hannu, Hajiya ma ta ce tana sa shi a addu'arta. Na yi wa Allah alkawura iri-iri, wasu ma da ya amsa ban san yadda zan cika su ba. A raina na gama sakankancewa zai tashi, don ban ga dalilin da zai sa a ƙi ni ba.

Wata rana da hantsi ya rasu, ina riƙe da kofin kunun da ya ce a miƙo masa. Na girgiza shi ina cewa, "Maigida! Maigida!" Ko a wannan lokaci abin da bakina ya iya ke nan.

Daga ranar na ɗauki gaba da Ubangiji. Ba wai na daina yarda akwai shi ba, a'a, ai ba a gaba da wanda babu. Irin gabar matan gida ɗaya ce, kin san tana nan, tana jin motsinki, amma kin rantse ba za ki ce mata ci kanki ba. A wurin jana'iza aka yi addu'a, kowa ya ce amin ban da ni. A zaman makoki masu gaisuwa suna shigowa, na coci su ce Ubangiji ya ta'azantar, maƙwabta su ce Allah ya ba da haƙuri, ni dai sai in gyaɗa kai. Fasto ya zauna ya yi mini magana mai kyau a kan nufin Allah. Mutumin kirki ne, amma a ranar da ya san abin da nake ce masa a zuci da bai sha ruwan gidana ba. In yarana sun haɗa hannu za su ci abinci suna jira in sa albarka, sai in ce wa babbar, "Yi mana." Wannan ya fi komai tsorata ni, domin na san in bakin nan ya rufe ke nan, ba ni da wani wurin da zan kai kayan da ke ƙirjina, kuma kayan suna neman kashe ni.

Inna ta iso tun ranar rasuwar, da ƙullin kayanta da rabin buhun gero a bayan mota. Da ta shigo ɗaki na ɗaga kai ina jira. Na ce yau dai, yau kam kunya za ta ba mu wuri. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta dubi bango, ta ce, "Ke, sannu." Ta juya ta fita wurin jikokinta. Na ji tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya tana rarrashi. Na juya fuska na ce a raina, su biyu ke nan, na sama ya yi shiru, ta ƙasa ta yi shiru.

Da 'yan makoki suka watse, ita ba ta tafi ba. Ita ke tashin yara, ta yi musu wanka, ta raka su bakin titi su hau keke mai ƙafa uku. Ta wanke rigunan aikin mijina masu baƙin mai, ta ninke, ta sa a ƙasan akwati inda idona ba zai kai ba. Takan ajiye mini kwano a bakin gado, in ta dawo ta tarar ban taɓa ba ta ɗauke, an jima ta kawo wani abin daban. Yau ɗanwake, gobe fate, jibi kunun tsamiya. Yanzu da nake tunawa ina mamakin haƙurin matar nan, amma a lokacin ban ga komai ba sai bakinta da ke rufe.

Sai kuma ta je ta ari turmi wurin Hajiya. Ina kwance na ji su ta taga.

"Haba Inna, da girmanki? Ga inji nan bakin lungu, a ba yara su kai mana."

"Hajiya, garin inji ba shi riƙe ciki. Bar ni in motsa jiki."

Ta kafa turmin a bayan ɗakinmu, ƙarƙashin itacen bedi, daidai saitin kaina. Kullum yara na fita, kafin rana ta yi zafi, sai in ji dum, dum, dum. Mace ta rasa miji, kanta na sarawa, uwarta ta rasa abin da za ta yi mata sai luguden taɓarya a kunne. Na yi ta cije baki. Hajiya ta shigo duba ni wata rana na kasa daurewa na yi mata ƙorafi. Ta ce, "Ɗiyar hwari ce ke, mi kike so ta yi? Ki bar ta. Kowa da inda yake kai kukanshi." Ban gane ba, na ɗauka irin maganar tsofaffi ce ta kare juna.

Ranar da abin ya faru Talata ce, don na ji matan zumunta sun biyo sun gaishe ta a ƙofar gida za su wuce taro. Na tashi da ciwon kai mai tsanani. Dakan ya fara. Na ce yau sai dai a yi wadda za a yi, in rashin kunya ce yau zan yi ta. Na ja zane na ɗaura, na fito ba takalmi, na zagaya ta gefen ɗaki da maganata a shirye.

Ta ba ni baya. Ban taɓa tsayawa na kalli Inna tana daka ba tun ina yarinya, kuma matar da na gani ba ita ce wadda na sani ba. Da can taɓarya tashi take sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Yanzu da ƙyar take ɗaga ta zuwa ƙirji, kafaɗunta duk ƙashi, zufa ta jiƙe bayan rigarta. In ta buga kaɗan sai ta tsaya ta jingina da taɓaryar tana haki. Hannun yana tsayawa, amma bakin bai san hannun ya tsaya ba. A cikin wannan shirun na ji muryarta.

"...ni ma na yi hushi, Uba, ba ni ɓoye maka. Yaron ga bai tsare ma kowa komi ba. Amma kai ka san abin da ka yi, ni ban sani ba, kuma ban zo neman ba'asi ba."

Ta ɗaga taɓarya ta buga, maganar ta nutse a cikin ƙarar. Na tsaya kamar an dasa ni. Ta sake gajiya, ta sake jingina.

Sai ta kira sunana. Cikakkensa, na baftisma, ba gutsurewa, ta ja ƙarshensa a hankali yadda ban taɓa jin wani ya ja shi ba. Ta sake faɗa. Yadda sunan ya zauna a bakinta, ko kurma ya san ba yau ta fara ba.

"Ita na kawo maka. Ɗiyata ce, ita ka hwara ba ni, ita ta buɗe mani ciki. Ba ta ci, ba ta barci, ta ƙi yi maka magana. Kada ka riƙe ta da wanga, ka san bakinta, kai ka yi shi. In nata ya ruhe, ga nawa, ka karɓa a madadin nata har ranar da za ta iya. Yesu, kai ma ka tsaya bakin kabarin abokinka ka yi kuka, kada ka ce ba ka san abin ga ba. Ni ban iya rungumar ta, ka sani. Kai ka rungume mani ita."

Ban san lokacin da ƙafata ta ture faifan da ke jingine da bango ba. Ta waiwayo a firgice. Fuskarta jiƙe take, kuma ba duka ne zufa ba. Ta yi sauri ta goge da bakin zane, ta haɗe rai, ta koma Innar da na sani.

"Ke, tun yaushe kike nan?"

"Inna, sunana na ji."

"Ba da ke nike ba."

Wallahi da ba don kukan da ya taso mini ba, da dariya zan yi. Na durƙusa a gefen turmin. Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, safiyar jarrabawa, ranar biki, ranar naƙuda da na yi mata baƙar magana a gaban ungozoma. Matar da ba ta da ɗakin kanta a gidan yawa, wadda al'ada ta hana ta nuna tana so na ko da ido, ta samo wa kanta wurin da za ta yi magana da ƙarfi ba mai ji. Shekara da shekaru tana fakewa a bayan ƙarar taɓarya, tsufa ne kawai ya tona mata asiri.

Na ce, "Ranar da zan haihu, da aka ce kina daka..."

Ta dubi cikin turmi ta ce, "Geron ranar har ya zama gari ban sani ba."

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"In hwaɗa maki mi? A gaban mutane akwai kunya, haka muka taras, haka za mu bari. Amma wurin wanda ya gan ki tun kina cikin ciki, mi za ki ɓoye? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ce mata ni ba ni da abin da zan ce masa. Na ce in na buɗe baki ba godiya ce za ta fito ba, faɗa ne.

"To ki yi hwaɗan mana. Wa ya ce maki sai da lallami ake zuwa? Ni nan da kike gani, ranar da na binne ƙanenki mai bi maki, abin da na gaya mashi ko maƙiyina ban gaya ma ba. Bai kore ni ba. Gaba ce ba shi so. Wanda kike ma hwaɗa, ai kina tare da shi."

Iyakar wa'azin Inna ke nan, kuma ban taɓa jin ta yi mini magana mai tsawon haka ba, kafin ranar ko bayanta. Na sha zama a gaban masu wa'azi da suka yi karatu mai zurfi, na ƙaru da su, amma ban taɓa ganin bangaskiya irin ta tsohuwar nan ba, wadda ke zuwa gaban Allah da fushinta da hawayenta da tsabar gero a hannu, ta faɗi abin da ke ranta, ta share fuska ta koma ta ɗora tukunya. Ba ta taɓa samun amsar dalilin da ya sa aka ɗauke mata ɗa ba, kuma ba ta daina zuwa ba ko na rana ɗaya. Har yau tana raye, har yau "ke" nake, kuma na daina jin haushi.

Ta miƙo mini taɓaryar. "Riƙe nan, hannuna ya gaji."

Na miƙe na karɓa. Icen ya yi santsi, da ɗumin tafinta a jiki. Ta ɗauki faifanta ta kaɗe, ta ce za ta shiga wurin Hajiya ta taya ta tuyar ƙuli, kuma za ta daɗe. Ta kai kwanar ɗaki ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ki daka da ƙarhi. Ba mai jin ki."

Na ɗaga na buga. Hannuna ba ƙarfi, na daɗe ban ci abin kirki ba, taɓaryar ta goce ta bugi bakin turmi. Na sake. A bugu na farko-farko ba abin da ya fito sai numfashi. Can sai na ji kaina ina cewa, "Me na yi maka?" Daga nan kuma bakin da kowa ya sani ya dawo. Na faɗa masa azumin da na yi. Na faɗa masa yaran da ya bar mini, da shagon da ke rufe da fankokin mutane a ciki, da kofin kunun da ba a sha ba. Na ce masa bai kyauta mini ba. Ina daka ina kuka, majina da hawaye, gero na tsalle yana zuba ƙasa, kajin Hajiya suna tsincewa. Ba a amsa mini daga sama ba, itacen bedi ma ko motsi bai yi ba. Amma dutsen da ke ƙirjina tun daga asibiti na ji ya ɗan gusa, kuma na san ba ni kaɗai ce a bayan ɗakin nan ba.

Da faɗan ya ƙare, sai na ga saura abu ɗaya. Na ce, "Uba, ga wanda ka ɗauka. Tunda yana wurinka, ka riƙe mini shi da kyau." Na tsaya, don na san ba a kawo mutum gaban Allah a ce "Maigida". Na ɗaga taɓarya sama iyakar ƙarfina, na sauke ta, a cikin ƙarar na faɗi sunansa.

Gaskiyarsa ne, bai ƙona mini baki ba. Na sake faɗa, wannan karon ban buga ba.